Yafin Iri a Kan Tsohuwar Ciyawa: Yadda Ake Farfaɗo da Filin da Ya Yi Sanƙo

 

Gabatarwa

Bahaushe ya san ciyawa ta fuskoki uku tun kaka da kakanni. Akwai wadda yake nomewa a gona, akwai wadda yake yankowa ya ba dabba, akwai kuma wadda yake yin zana da jinka da ita. Ta huɗu ta zo mana ne daga baya, watau ciyawar da ake shukawa da gangan, a riƙa aske ta a kai a kai, domin a zauna a kanta, ko a buga ƙwallo, ko kuwa ta rufe ƙasa ta yi wa haraba kwalliya. A kan wannan ta huɗu zan yi magana yau, musamman a kan abin da ake yi idan ta fara ƙarewa, fili ya yi sanƙo nan da can.

Kowa a cikinmu ya san irin wannan fili. Ya san bakin raga a filin ƙwallo, inda mai tsaron gida ke faɗuwa a kan tsakuwa. Ya san hanyar yanke da ta ratsa tsakiyar harabar makaranta. Abin da aka saba yi shi ne a zuba wa filin ido har ya mutu, sa'an nan a nemi kuɗi masu yawa a tone shi a sake sabo. Alhali kuwa akwai hanya mai sauƙin kuɗi wadda masu kula da filaye a Ingila da Amurka ke bi kowace shekara, ita ce a yafa sabon iri a kan tsohuwar ciyawa ba tare da an tone ta ba. Abin da nake so in tabbatar muku shi ne, a cikin wannan aiki irin shi ne abu mafi ƙanƙanta. Wanda ya yafa iri bai kawar da abin da ya kashe ciyawar farko ba, ya ciyar da tsuntsaye ne kawai.

Asalin Abin da Sunansa

Tun da yake harshe shi ne fagena, bari in fara da suna. Hausa tana da fage da dandali da haraba, tana da makiyaya da dausayi da fadama, amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ke nufin ciyawar da ake shukawa don a aske. Dalilin ba shi da wuyar ganewa. A wurin Bahaushe, kyakkyawan gida shi ne mai shararren tsakar gida, ko mai daɓe, domin ciyawa a kusa da ɗaki mafakar maciji ce da kunama da sauro, kuma gidan da ciyawa ta cinye sunansa kango. Saboda haka a wannan lacca zan kira abin da suna shimfiɗar ciyawa, aikin kuwa zan kira shi yafin cike giɓi, ina aron kalmar yafi daga manoman shinkafa da ke watsa iri da hannu.

Shimfiɗar ciyawa 'yar Ingila ce da arewacin Faransa, inda ruwan sama ke sauka kusan kowane wata, zafin rana kuma ba ya tsananta. Ita kanta kalmar da Ingilishi ke kiran ta da ita ta samo asali ne daga tsohon Faransanci, ma'anarta ta farko kuwa sarari a cikin daji. A ƙarni na 18 masu ƙasa na Ingila suka mayar da ita alamar arziki, suka kewaye manyan gidajensu da ita, bisa tsarin masu zana lambuna irin su Lancelot Brown wanda ya rasu a 1783. Tumaki ne ke aske ta a wancan zamani, ko kuwa barori masu dogon lauje. Sai a 1830 wani injiniya mai suna Edwin Budding ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa, daga nan mai matsakaicin hali ya samu damar yin tasa a ƙofar gida, wasannin ƙwallon ƙafa da kurket da tanis kuma suka samu lafiyayyun filaye. Turawan mulki su suka kawo mana ita, a unguwanninsu da filayen sukuwa da na folo da makarantun gwamnati. Mun gaji filayen, amma ilmin kula da su bai bazu a cikinmu ba.

Abin da Ke Sa Fili Ya Yi Sanƙo

Shimfiɗar ciyawa taron dubban tsirrai ne masu rai, kowanne yana tsufa yana mutuwa. A daji ciyawa takan yi kai ta zubar da 'ya'ya, ta haifi magadanta. A filin da ake askewa kowane mako ba a barin ta ta yi kai, saboda haka idan ba mai yaɗo ba ce, babu mai maye gurbin wadda ta mutu sai an kawo iri daga waje. Wannan shi ne tushen buƙatar yafi.

Amma akwai abubuwan da ke gaggauta mutuwar. Na farko shi ne daddaɓewar ƙasa. Sawun mutane da tayar mota suna matse ƙasa har ƙofofin da iska da ruwa ke bi su toshe, saiwa ta kasa nutsawa, ruwan sama ya riƙa gudu a sama. Na biyu shi ne inuwa, domin yawancin ciyayin shimfiɗa suna bukatar rana ta sa'o'i da dama kowace rana, kuma saiwar itace tana yi musu kishiya wajen ruwa. Na uku shi ne askin ƙwal-kwabo. Ganye shi ne madafar abincin tsiro, kuma ƙa'idar da masana suka yarda da ita ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a aski guda. Na huɗu shi ne tarin matacciyar ciyawa da ke saƙuwa kamar tabarma tsakanin ganye da ƙasa, wadda idan ta wuce kaurin santimita ɗaya da rabi sai ta hana ruwa shiga. Sauran su ne yunwar ƙasa, da ƙwari masu cin saiwa, da fari.

Duk inda ciyawa ta bar gurbi, wani abu zai zauna. A Ingila gansakuka ce da wasu ganyaye masu faɗi. A nan tsidau ne da ƙarangiya da aya-aya, kuma duk yaron da ya taɓa buga ƙwallo ba takalmi ya san abin da tsidau yake nufi. Saboda haka aikin farko na mai gyara shi ne ya tsaya a kan sanƙon ya tambayi kansa me ya kawo shi. In hanyar yanke ce, ko dai a tare ta, ko a yarda da ita a shimfiɗa mata dutse. In inuwa ce, a rage rassa, ko a haƙura da ciyawa a wurin. In daddaɓewa ce, a sassauta ƙasar.

Yadda Ake Yafin

A shekarun da na yi ina karatu a Ingila na sha ganin masu kula da filayen jami'a suna wannan aiki a watan Satumba, kuma matakan da suke bi ba su da wani asiri.

Da farko sukan aske ciyawar ƙasa da yadda aka saba, su kwashe abin da aka yanka. Wannan shi ne lokaci guda da ake yarda da gajeren aski, domin hasken rana ya kai ga ƙasa, kuma tsohuwar ciyawa ta ɗan ja baya kafin sabuwa ta tashi. Sa'an nan su bi filin da manjagara mai haƙoran ƙarfe, su karce shi da ƙarfi a tsaye da kuma a kwance, har matacciyar ciyawa ta fita, ƙasa ta bayyana. Wanda ya ga filin a wannan mataki zai ce an lalata shi. Bayan haka su huda ƙasar, ko da ƙarfe mai yatsu irin na lambu, ko da injin da ke zaro 'yan dunƙulen ƙasa kamar yatsa, zurfin santimita bakwai zuwa goma.

Sai yafi. Akan yi amfani da kimanin rabin irin da za a sa wa sabon fili, akan kuma raba shi kashi biyu, a yafa kashi ɗaya ana tafiya daga gabas zuwa yamma, ɗayan daga kudu zuwa arewa, domin kada a bar wani wuri. Yawan iri ba ya ƙara kauri, domin tsirran da suka cunkushe sukan yi siriri, ruɓa ta kama su. Daga nan a barbaɗa ƙasa mai laushi gauraye da yashi da ruɓaɓɓen taki, a share ta da bayan manjagara ta shiga ramukan, a ɗan danne. Dukkan waɗannan matakai manufarsu guda ce, ƙwayar iri ta taɓa ƙasa. Ƙwayar da ta rataye a kan ganye ko a kan matacciyar ciyawa tana iya tsagewa, amma saiwarta ba za ta samu abin kamawa ba. Wadda aka binne da zurfi kuwa abincin cikinta zai ƙare kafin ta ga rana. Rabin santimita ya isa.

Ban-ruwa shi ne inda yawancin masu gwadawa ke faɗuwa. Ƙwayar da ta sha ruwa ta fara motsi, in ta bushe sau ɗaya ta mutu ke nan. Don haka a makonni biyu ko uku na farko ana yayyafa ruwa kaɗan kaɗan, sau ɗaya ko sau biyu a rana, yadda saman ƙasa ba zai bushe ba, kuma ba zai yi kwance ba. Idan tsiro ya kafu sai a juya tsarin, a riƙa ba da ruwa mai yawa jefi-jefi, domin saiwa ta bi shi ƙasa. Ba a fesa maganin kashe ciyawa a wannan tsakani, musamman irin wanda ke hana ƙwaya tsira, domin bai san bambanci tsakanin irin da aka saya da na tsidau ba. Ba a kuma zuba taki mai sa ganye da yawa, domin tsohuwar ciyawa ce za ta cinye shi ta rufe sabuwa.

Mataki na ƙarshe shi ne hutu. A kewaye wurin da igiya, kada a taka shi har sai sabon tsiro ya kai santimita bakwai ko takwas, sa'an nan a yi masa askin farko da wuƙa mai kaifi, a cire kansa kawai. Dakusasshiyar wuƙa tumɓuke jaririn tsiro take yi.

Lokaci da Zaɓen Iri

Ciyayin shimfiɗa gida biyu ne, na sanyi da na zafi. Na sanyi su ne irin su rayigiras da feskiyu da ciyawar Kentaki, waɗanda ke girma a Ingila da arewacin Amurka. Ana yafa su a farkon kakar can, watau Satumba, lokacin da ƙasa ke riƙe da ɗumi, iska ta yi sanyi, ruwa ya dawo, ganyayen banza kuma sun fara ja da baya. Rayigiras yakan tsira cikin mako guda zuwa kwana goma, ciyawar Kentaki kuwa takan kai mako uku. Yawancin irin rayigiras da ake sayarwa a Amurka daga kwarin Willamette na Jihar Oregon yake fitowa.

Misali mafi shahara shi ne filayen tanis na Wimbledon a London, inda ake gasa tun 1877. Tun daga 2001 rayigiras zalla ake shukawa a can, saboda ya fi jure sawu, kuma ana aske shi zuwa milimita takwas a lokacin gasa. Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe a talabijin ya ga yadda layin baya ke komawa ƙasa tsirara cikin mako biyu. Da zarar an tashi daga gasar a watan Yuli sai a kankare saman filayen a sake zuba iri, a yi ta reno har shekara ta zagayo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kudancin Amurka kuwa yafin yana da wata manufa dabam. Ciyawar da ke can ta zafi ce, wadda ke yin barci ta koma ruwan ƙasa idan sanyi ya shigo. Saboda haka sukan yafa rayigiras a kanta a farkon sanyi domin filin ya zauna kore, idan zafi ya dawo rayigiras ya mutu, ta ƙasa ta farka. Haka ake yi a filin golf na Augusta a Jihar Jojiya, inda ake babbar gasa kowane watan Afrilu. Haka kuma aka yi a Katar domin gasar cin kofin duniya ta 2022: ciyawar fasfalum mai jure gishiri a ƙasa, rayigiras da aka kawo daga Amurka a sama, har da hura wa filayen sanyin inji tun watan Satumba domin irin ya samu yanayin da yake so. Wannan hanya ce ta mai kuɗi da ruwa, kuma tana da illa, domin rayigiras in ya daɗe yakan raunana ciyawar da ke ƙarƙashinsa.

Abin da Ya Shafe Mu

Kuskuren da ya kamata mu guje wa shi ne sayen gwangwanin iri mai hoton koren fili, ba tare da duba sunan ciyawar da ke ciki ba. Irin ƙasar sanyi yana iya tsira a nan cikin hunturu in an ba shi ruwa, amma zafin Maris da Afrilu zai ƙone shi.

Abin mamaki shi ne, ciyawar zafin nan da Amurkawa ke kira ciyawar Bamuda tana nan a gefen rijiyoyinmu da fadamunmu. Ita ce kiri-kiri, kuma likita J. M. Dalziel ya rubuta sunayen tsirranmu irin wannan a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa tun 1916. A tashar bincike ta Tifton a Jojiya, masani Glenn Burton ya zaɓo wani ɗan aure tsakanin kiri-kiri da wata 'yar'uwarta ta Afirka ta Kudu, aka samu irin da ake kira Tifway wanda aka fitar a 1960, wanda kuma ya bazu a filayen wasa na ƙasashen zafi. Sai dai wannan ɗan aure ba ya yin 'ya'ya masu tsira, dashensa ake yi. Wannan ya nuna mana hanya. Kiri-kiri tana yaɗo a sama, tana kuma tafiya a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka inda irinta ya yi wuyar samu, sai a tsinko yaɗonta daga gefen filin a daddasa a cikin sanƙon, tazarar taki guda na hannu, bayan an karce an huda kamar yadda na bayyana. Ba kowace ciyawarmu ce ta dace ba. Gamba tana tashi ne gungu gungu ta fi mutum tsawo. An kai ta arewacin Ostireliya a shekarun 1930 domin kiwo, da sunanta na Hausa, ta gagara, har aka sa ta cikin jerin miyagun ciyayi na ƙasar a 2012 saboda tsananin gobarar da take haddasawa.

Lokacinmu kuwa damina ce, bayan ruwa ya zauna, watau ƙarshen Yuni zuwa Yuli a ƙasar Kano da Zariya. Ruwan farko yaudara ne, kamar yadda kowane manomi ya sani, ruwan Agusta kuma yakan kwashe ƙananan ƙwayoyi ya tara su a kwari. Lissafi ma ya goyi bayan damina. Filin ƙwallo mai tsawon mita 105 da faɗin mita 68 murabba'in mita 7,140 ne. In za a ba shi ruwa mai zurfin milimita biyar kacal, ana bukatar lita 35,700 a rana guda. Makarantar da ɗalibanta ke layi a bakin famfo ba ta da hujjar yin wannan da rani. Dole kuma a yi la'akari da tururuwa mai kwashe iri, da gara, da kurciyoyi, da awakin unguwa, da lebura mai langalanga wanda aka koya wa cewa kyakkyawan aiki shi ne a ga ƙasa.

Kada a ɗauka wannan ilmi na masu kwalliya ne kaɗai. A shekarun 1980 masu bincike na cibiyar dabbobi ta Afirka mai hedkwata a Addis Ababa, tare da cibiyar binciken dabbobi ta Shika, sun yi aiki da Fulani makiyaya a yankin Kachiya da kewaye a kan abin da suka kira rumbun ciyawa. Akan kewaye fili mai kimanin hekta huɗu, a kwantar da shanu a ciki su cinye ciyawar su tattake ƙasar su zuba mata kashi, sa'an nan a yafa irin istailo, wani tsiro dangin wake, tare da takin sufa. Idan ciyawar daji ta fara rufe sabon tsiro sai a sake shigar da shanu su rage ta, daga nan a rufe wurin har rani. Ku duba da kyau, za ku ga matakan nan ne na filin Ingila: gajeren aski, karce ƙasa, yafi, rage kishiya, da hutu. Kofaton saniya ne ya tsaya a matsayin manjagara.

Kammalawa

Shugaban zama, abin da nake roƙon hukumar jami'a da shugabannin makarantu ƙanƙane ne. A sa gyaran filaye cikin kalandar shekara kamar yadda ake sa jarrabawa. A zaɓi makonni shida na damina a rufe filin wasa, ko a riƙa rufe rabi ana amfani da rabi. A ware ɗan wuri kusa da ruwa a yi renon kiri-kiri domin dashe. A koya wa ma'aikatan lambu ƙa'idar kashi ɗaya cikin uku, a kuma saya musu manjagara da dutsen wasa wuƙa kafin a yi maganar sayen iri daga waje. Ku kuma ɗaliban Hausa, akwai aiki a gabanku. Tsofaffin makiyaya da masu yankan ciyawa sun san wace ciyawa ke jure sawu, wace ke son inuwa, wace ke fara tsira bayan ruwan farko, kuma sun san sunan kowace. Ku je ku tattaro wannan sani ku haɗa shi da na abokan aikinmu na sashen aikin gona, domin mai kula da fili na gobe ya samu littafin da zai karanta da harshensa.